Wa Ya Koya Wa Kawu Gudu?

"Me ka yi wa Kawu?"

Auta ta yi tambayar ne a hankali, da muryar da take amfani da ita a aji idan ta kama ɗalibi da amsa rubuce a tafin hannu. Idonta na kan wayar. Shayin da ke gabanta ya huce ba ta sani ba.

Tartsatsi ya gyara zama yana murmushi, murmushin mutumin da ya tabbata yabo ne ke tafe.

"Kin gani ko? Na so sai ranar gasa ki gani, amma na kasa haƙuri."

"Ka kasa haƙuri..."

"Gyara shi na yi, sahibata! Duba gudunsa. Da tara ne. Tara fa! Ko katantanwa sai ta yi masa dariya. Yanzu arba'in da biyu!"

Ta ajiye wayar a kan tebur, ta janye hannunta kamar wadda ta taɓa gawa.

Ga wanda Allah ya tsare daga wannan jarabar, sai a yi bayani. Kawu ba mutum ba ne. Dodo ne na cikin wani wasan waya, inda manyan mutane masu digiri da haƙoran hankali ke ƙyanƙyashe dodanni, su horar da su, su haɗa su faɗa, mutum biyu da mutum biyu. Kawu kunkuru ne mai bayan dutse. Auta ta raɗa masa sunan ne saboda yadda yake motsi, sak ƙanin mahaifiyarta bayan cin abincin rana.

A wasan, dodon da ya fi gudu shi ke fara duka, don haka kowa gudu yake nema. Auta kuwa, malamar lissafi ce, ta zauna ta karanta abin da kowa ke tsallakewa. Kunkurun yana da wani duka guda da ake kira Ramuwa: duk abin da aka narka masa a zagaye, zai mayar da shi ninki biyu. Sharaɗin ɗaya ne tak. Sai in shi ne na ƙarshen motsi a cikin dodanni huɗun da ke fili. In ya riga ko da ɗaya ne, Ramuwa ba ta tashi.

Ƙwan dodo kuma ba ya fashewa sai mai wayar ya yi tafiya da ƙafa. Watanni Auta ta yi tana zagaye filin ƙwallon makaranta lokacin hutun tara, har abokan aikinta suka fara ba ta shawarar shayin rage ƙiba. Ta ƙyanƙyashe kunkuru ba adadi, tana sakin su ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda ya fi kowa lalaci a duniya. Da ta samu, ta zuba duk makin horonsa a tauri da tsawon rai, ta rataya masa ganyen warkarwa, ba ta ba gudu ko ƙwayar maki ba.

Sannan ta tura shi wayar Tartsatsi, abokin wasanta kuma wanda take shirin aura, don ya saba da shi kafin babbar gasa.

"Tartsatsi," ta ce, "ka san makin horo ba ya cirewa?"

"Na sani mana. Shi ya sa na yi a tsanake."

"Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ni, da nake koyar da lissafi, na bar gudunsa a tara?"

"Na ɗauka mantuwa ce..."

"Mantuwa."

"Kina da aiki da yawa, zuciyata. Ga jarrabawar yara, ga..."

"Ramuwa ba ta tashi sai shi ne na ƙarshe."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa ɗan lokaci, kamar baƙon da bai gane an sallame shi ba. Sannan murmushin ya tafi.

"Yanzu ba shi da gudun da zai fara duka," ta ci gaba, "ba shi kuma da nawar da zai zama na ƙarshe. Ka mayar da shi abin da ba shi da amfani ta kowane ɓangare. Wannan ma ai baiwa ce."

"Amma Kyaftin ta ce..."

Ya kama bakinsa, sai dai ya makara. Wannan ne kawai abin da ya taɓa makara a kai a rayuwarsa.

Kyaftin ita ce shugabar ƙungiyar 'yan wasan unguwa, kuma ita ce abokiyar wasan Tartsatsi kafin Auta ta bayyana wata ranar Asabar ta lallasa shi a gaban jama'a. Ya nemi a sake, ta sake lallasa shi. A karo na uku lambar wayarta ya nema. Kyaftin ta taya su murna da dukan haƙoranta.

"Me Kyaftin ta ce?"

"Ta ce... abin tausayi ne a bar dodo mai kyau haka ba gudu. Ta ce in ba ki mamaki."

"To, ka ba ni."

Ta ɗauki jakarta.

"Auta! Don Allah tsaya! Wasa ne fa, kunkuru ne na cikin waya!"

Ta juyo. Idanunta sun cika, kuma ta tsani hakan.

"Ba kunkurun ba ne. Ka ga abin da na gina da ƙafafuna, ba ka gane shi ba, sai ka yanke hukuncin kuskure ne. Ka tambayi wata. Ni ba ka tambaye ni ba."

"Masoyiyata..."

"Turo mini shi."

Ya turo. Ta fita. Shayin nata shi ya shanye daga baya, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba.

*

A gida ta tarar da Mama a falo tana ninke wanki, Yaya kuma na miƙe a doguwar kujera da rimot a kan cikinsa. Mama ta kalle ta sau ɗaya, ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To wa ya kusa?"

"Mun ɓata da shi ne."

Yaya ya tashi zaune da saurin da ba a taɓa ganin ya yi don aiki ba.

"Alhamdu lillahi! Na faɗa tun farko! Namiji da gemu, yana kiwon dodanni a waya! Mutumin da ya bar aiki uku kafin ya tsaya a haɗa sola, wai ko'ina ba a sauri. Ranar da ya zo gaishe mu ma a tsaye ya sha ruwa. Me ya yi? Wata ya kula?"

"A'a."

"Zagin ki ya yi?"

"Ya... ya sa kunkuruna gudu."

Yaya ya dubi Mama. Fankar sama ta zagaya, ta sake zagayawa.

"Mama," in ji Yaya, "kin ga abin da digiri ke jawowa."

"Kai, rufe mana baki. Ke, zo nan. Yi mini bayani yadda zan gane."

Auta ta zauna a ƙasa kusa da kwandon wanki ta yi bayani. Ta yi zaton dariya za ta biyo baya. Mama dai ta ci gaba da ninke kaya, tana daidaita gefe da gefe, har ta gama ji.

"Ban gane kunkurun ba," ta ce. "Amma na gane mutumin. Ya taɓa miki abu bai tambaya ba, ya zo yana jiran godiya."

"Da niyya mai kyau ya yi, Mama..."

"Ai su suka fi wuyar zama. Mugu kina iya yi masa faɗa. Yau kunkuru ne. Gobe za ki dawo ki tarar ya sake miki tsarin kicin. Jibi ya rubuta miki takardar barin aiki don ki huta, ya ce mamaki ne. Na faɗa miki tun ranar farko, yaron yana da ladabi, amma ban taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya ya bar wani ya yi abu ba. Sai na ga haka da idona zan yarda iyayensa su tako gidan nan."

Auta ta tashi. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. A waya, Kawu na tsaye a cikin lambunsa yana ɗan rawar ƙafa, abin da bai taɓa yi ba.

Ta kife wayar ta yi kuka.

*

Kyaftin ta same ta a ƙofar makaranta bayan an tashi, ta sauke gilashin mota, ƙamshin turarenta ya riga gaisuwarta fitowa.

"Malama! Na ji labarin Kawu. Wallahi har raina!"

"Na gode."

"Maza kenan, 'yar uwa. Ka ba su zinariya su fente ta."

"Ke kika ce ya fente ta."

Kyaftin ta dafa ƙirji.

"Ni? Magana kawai na yi a cikin hira. Ban riƙe masa yatsa ba. In mutum ya yarda da ke, ai ko gari duka ya ce kin yi kuskure, sai ya kira ki ya ji."

Abin haushi shi ne gaskiya ta faɗa. Auta ta gwammace a ce ƙarya ce.

"Af, ga maganar gasa," Kyaftin ta ƙara tana gyara madubi. "Tunda ba ki da dodo yanzu, na ce masa ya dawo mu shiga tare kamar da. Kar dodonsa, Damisar Wuta, ya zauna a banza. Yana tunani."

"Tartsatsi ne ke tunani?"

"Ni ma na yi mamaki."

Motar ta wuce. Auta ta tsaya a bakin titi da littattafan yara a hannu, tana jin wani abu na cin ta a ƙirji wanda ba shi da alaƙa da kunkuru ko kaɗan.

Tartsatsi ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙonni masu tsawo, ta karanta kowanne sau biyu ba ta amsa ba. Daga baya saƙonnin suka tsaya, sai ta gano shirun ya fi su ciwo.

*

Mama ce ta fara ganin sa, ta tagar kicin.

"Auta, yaron nan ya sayar da babur ɗinsa ne?"

"Wane yaro?"

"Kina da yara nawa? Kullum da yamma sai ya wuce ta layin nan a ƙafa, waya a hannu, kai a ƙasa. Ya je ƙarshen titi ya dawo. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba ya kallon gidan. Jiya har ɗingishi yake."

"Ya haukace," in ji Yaya daga falo. "Na san za a zo nan."

Auta ta leƙa. Shi ne. Mutumin da ke hawa babur don sayo burodi a shagon da ke kallon gidansu, ga shi yana tafiya a rana, rigar aikinsa jiƙe da gumi. Ta san abin da yake yi tun kafin ta gama kallo.

Ta bar shi ya yi makonni a haka. Ba don mugunta ba, in ji ta. Da yammar da ta ga ya zauna a kan dakalin shagon mai faci yana cire takalmi, ta yafa mayafi ta fita.

Ya ɗago ya gan ta, ya yi yunƙurin tashi.

"Zauna. Nawa ka ƙyanƙyashe?"

"Na daina ƙirgawa."

"Gudun mafi lalaci a ciki nawa ne?"

Ya miƙa mata wayar ba tare da ya kalle ta ba.

"Ashirin da ɗaya. Duk waɗanda nake samu masu rawar kai ne, Auta. Kamar sun san ubansu."

Ta danne dariyar da ta taso mata. Ya rame, rana ta ƙona shi, diddigensa ya yi ƙwal da bororo.

"Haka kika yi ta fama?" ya ce a hankali. "Duk wannan tafiyar? Ni kuma na zauna a kan gado, cikin ɗan lokaci na..."

Ta mayar masa da wayar.

"Na ji za ka shiga gasa da Kyaftin."

"Wa ya ce? Na faɗa mata ko ni kaɗai na rage a duniya da ita da wayar, sai dai mu yi kallon hotuna."

Abin da ke cin ta a ƙirji ya saki haƙoransa. Ta zauna a ɗaya gefen dakalin, ta bar tazarar mutum biyu a tsakaninsu.

"Ba za ka samu wani Kawu kafin gasa ba. Ni ma sa'a na yi."

"Na sani. Na dai kasa zama ne."

"Wannan kowa ya sani."

Ta fito da tata wayar. Ai ba ta daina lissafi ba tun ranar. Mutum na iya fushi da saurayi, amma ba ya iya hana kansa warware tambaya.

"Akwai sarƙar ƙarfe. In aka rataya wa dodo, gudunsa na faɗuwa warwas. Da ita Kawu zai koma bayan kowa."

Tartsatsi ya miƙe tsaye da takalmi ɗaya.

"To ai shi kenan! An gama! Sahibata, ke ce..."

"Zauna."

Ya zauna.

"Abu ɗaya kawai dodo ke ratayawa. In ya ɗauki sarƙa, ya ajiye ganyen warkarwa. Kawu kuma aikinsa shan duka ne. Ba ganye, zagaye biyu ya faɗi. Sai in abokin wasansa ne zai riƙa warkar da shi, kowane zagaye, ba fashi."

"Damisata ba ta warkarwa..."

"Na sani."

Ya dube ta. Ta ga lokacin da abin ya isa ƙwaƙwalwarsa.

"Nas?" ya ce da ƙaramar murya.

Nas wata halitta ce ruwan hoda, mai kama da lema da idanu, wadda ba ta iya komai ba sai warkar da na kusa da ita. Duka ɗaya gare ta, Tsunguli, wanda ko sauro ba zai kai ƙara a kansa ba. Ba namijin da ya taɓa shiga gasa da ita da sunansa na gaskiya. Tartsatsi kuwa da Damisar Wuta aka san shi, mai gama faɗa kafin abokin gaba ya gyara zama.

"Za a nuna a babban allo," ya ce. "Gaban kowa."

"Gaban kowa. Ba za ka kai duka ko ɗaya ba, daga farko har ƙarshe. Za ka danna warkarwa, ka naɗe hannu, ka jira ni. Ko ka ga kamar na yi kuskure."

"In na ga dama a buɗe fa?"

"Musamman in ka gan ta."

Ya kalli ƙafarsa mai bororo.

"Me ya sa tara?" ya ce. "Ina nufin... yi mini bayanin duka, tun daga farko. Wanda ya kamata in nema tun ranar."

Tazarar mutum biyun ta koma ta mutum ɗaya. Mai faci ya gama tayoyi uku kafin ta gama bayani, kuma Tartsatsi bai katse ta ba sai sau ɗaya, shi ma tari ne.

*

An yi gasar a babban zauren da ke saman wani rukunin shaguna, da rana tsaka, cikin sanyin na'ura da ihun matasa. Yaya ne ya kawo Auta a mota. Mama ta ce za ta biyo su don ta ga abin da ke cinye mata 'ya, ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya kamar mai jiran likita.

Da sunan Tartsatsi ya fito a allo, lema ruwan hoda na lilo a gefensa, zauren ya fashe.

"Tartsatsi! Ina damisar?"

"Sista Nas, a duba mini hawan jini!"

Kunnuwansa suka yi zafi. Ya danna warkarwa, ya naɗe hannu.

Haka suka yi ta tafiya. Abokan gaba su taru su narki Kawu, Nas ta shafa masa magani, Kawu ya ja sarƙarsa ya ɗago kai a ƙarshen kowa, kamar wanda aka tasa daga barci, ya mayar da kayan mutane ninki biyu. Dariyar zauren ta ragu, ta koma gunaguni, ta koma tafi.

A wasan kusa da na ƙarshe suka haɗu da Kyaftin da sabon abokin wasanta. Ta kalli sarƙar da ke wuyan Kawu, murmushinta ya ɗan karkace. Amma Kyaftin ba sakarya ba ce. Ta san ba za ta iya da lissafin Auta ba. Ta kuma san Tartsatsi.

Ta bar dodonta, wani shaho mai baƙin fiffike, ya sha Ramuwa da gangan, ta lissafa yadda zai tsira da ɗan siririn rai, ja, kamar zare. Ko Tsunguli zai kayar da shi.

Zauren ya miƙe tsaye.

"Tsungule shi!"

"Tartsatsi, gama da shi!"

"Dama ce! Dama ce!"

Kyaftin ta leƙo ta saman wayarta, ta yi magana yadda shi kaɗai da Auta za su ji.

"Tartsatsin da na sani da tuni ya gama. Ko sai an ba ka izini yanzu?"

Auta ba ta ce komai ba. Dokar gasa ta yarda abokan wasa su yi shawara, tana iya cewa kar ka yi. Ta ga abin da Kyaftin ta shirya: in Nas ta bar warkarwa na zagaye ɗaya, dodon abokin Kyaftin zai kayar da Kawu kafin ya motsa, lema ta rage ita kaɗai a fili. Kalma uku sun isa. Ta riƙe su a bakinta. Ta zaɓi Ramuwa, ta ajiye wayarta a kan tebur, ta kalli gabanta.

Ba sakamakon gasar take son sani ba, shi take son sani.

Ta gefen ido tana ganin babban yatsansa na shawagi a kan Tsunguli. Ƙafarsa na kaɗawa a ƙarƙashin tebur har kofin ruwa na rawa. Agogon zagaye na cin lokaci. Shi bai ga tarkon ba, ta san bai gani ba, fuskarsa ta mutumin da ke kallon kuskure ƙarara ce.

Ya juyo ya dube ta.

Ba ta dube shi ba.

Ya ja numfashi, ya danna warkarwa, ya zauna a kan hannayensa biyu.

"Kaaai!" in ji zauren.

Shaho ya kawo duka. Ɗayan dodon ya kawo nasa, mai nauyi, wanda aka tanada don wannan lokacin. Ran Kawu ya zube har ya kusa ƙarewa, ya tsaya a kan ɗan abin da Nas ta ƙara masa. Sannan, a ƙarshen kowa, kunkurun ya ja sarƙarsa, ya ɗago kai.

Allon ya yi fari. Da ya washe, Kawu da lema ne kawai a fili.

Ihun da aka yi sai da masu shagunan ƙasa suka hau duba ko gobara ce. Kyaftin ta tashi, ta gyara jakarta, ta ce wa Auta, "Kin iya horo," ba ta fayyace wanne take nufi ba, ta fita.

Tartsatsi na zaune har yanzu a kan hannayensa.

"Ban ga dalili ba," ya ce. "Wallahi ban gani ba, zuciyata. Na dai ce tunda kin yi shiru..."

"Na sani," ta ce. Hawayen suka zubo, wannan karon ba ta tsane su ba. "Na sani, abin ƙaunata."

Wasan ƙarshe sun sha kashi a hannun wasu tagwaye likitocin haƙori, waɗanda suka zo da dodon da ke hana warkarwa gaba ɗaya. Aka ba su kofin na biyu, ƙarami, mai kama da abin zuba gishiri. Ba wanda ya damu a cikinsu.

Mama ta same su a bakin matakala. Tartsatsi ya rusuna ya gaishe ta.

"Ban gane komai ba," ta ce. "Na ga lema, na ga kunkuru. Amma na ga zaure guda na yi maka ihu ka yi abu, ka zauna a kan hannunka."

"Eh, Mama."

"Da wuya?"

"Ban taɓa yin abin da ya kai shi wuya ba."

"Haka zaman aure yake, sai dai ba a tafi." Ta gyara riƙon jakarta. "Ka ce wa iyayenka muna gida."

Yaya ya buɗe baki. Mama ta dube shi. Ya rufe, ya tafi neman inda ya ajiye mota.

Tartsatsi ya riga ya zaro waya, yatsansa a kan lambar mahaifinsa.

"Yanzu zan kira su! Yau ma za su iya zuwa, in na ɗauko su a..."

Ya tsaya. Ya kalli wayar, ya kalli Auta. A hankali, kamar mai ajiye abu mai zafi, ya mayar da ita aljihu.

"Yaushe kike ganin ya dace?"

Auta ta yi kamar tana lissafi, ta daɗe tana yi, don kawai ta ga ko ƙafarsa za ta fara kaɗawa.

Ta kaɗa. Amma bakinsa bai motsa ba.

"Kira su yanzu," ta ce.

Ranar auren ya riga kowa isa zauren biki, har da masu jera kujeru. Amarya ta makara sosai, wasu na cewa da gangan. Yaya, wanda ya sa masa ido tun daga farko da fatan samun abin faɗa, ya ba da shaidar cewa ango ya zauna a kan hannayensa har ta shigo.